Theodor Bilharz: Likitan da ya gano tsutsar tsargiya, cutar da ke share wa kansar mafitsara hanya

A ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Watari a ƙaramar hukumar Bagwai ta jihar Kano, da wuya a sami wanda ya taɓa jin sunan Theodor Bilharz. Amma babu wanda bai san tsargiya ba. Yaro ya yini yana iyo a bakin dam ko a cikin magudanar ruwan noman rani, bayan wasu makonni sai a ga jini na biyo bayan fitsarinsa. Wasu iyaye su ce zafin rana ne. A wasu wuraren ma ana ɗaukar abin a matsayin alamar cewa yaro ya fara zama namiji.

Bilharz shi ne mutum na farko da ya ga abin da ke haddasa wannan jini da idonsa. Bajamushe ne, likita, kuma ya rasu a Alƙahira yana da shekara 37 kacal. Abin da ya gani a 1851 ya buɗe wani bincike da har yau ba a rufe shi ba, wanda a yanzu ya kai masana har cikin DNA na mafitsarar ɗan Adam, inda suke neman sanin yadda ciwon da aka raina a yarinta yake rikiɗewa ya zama kansa a girma.

Yaron da ke tara ƙwari

An haifi Theodor Maximilian Bilharz ranar 23 ga Maris 1825 a Sigmaringen, wani ƙaramin gari a bakin kogin Danube a kudancin Jamus ta yau. Mahaifinsa ma'aikaci ne a fadar masarautar garin. Tun yana ƙarami hankalinsa ya karkata ga tsirrai da ƙwari da ƙananan halittu.

Ya fara karatun jami'a a Freiburg, sannan ya koma Tübingen ya karanta aikin likita. Daga baya ya dawo Freiburg ya yi aiki a ƙarƙashin Carl Theodor von Siebold, ɗaya daga cikin manyan masana tsutsotsin jiki na wancan zamani. A wurin Siebold ya koyi abin da ya zama sana'arsa: feɗe halitta a tsanake, da zama na sa'o'i a gaban madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, da zana abin da ido ya gani ba tare da ƙari ba.

A 1850 Abbas Pasha, mai mulkin Masar, ya gayyaci wani malamin likitanci na Jamus, Wilhelm Griesinger, ya zo ya shugabanci harkokin lafiyar ƙasar. Griesinger ya san Bilharz tun a Tübingen, sai ya tafi da shi a matsayin mataimaki. Bilharz na da shekara 25 lokacin da ya sauka a Alƙahira.

Asibitin da aka kai shi, Kasr al-Aini, shi ne babbar makarantar likitoci ta Masar. An kafa makarantar a 1827 a zamanin Muhammad Ali Pasha, aka mayar da ita Kasr al-Aini a 1837. Yawancin marasa lafiyar sojoji ne da talakawan manoma daga ƙauyukan bakin kogin Nilu, kuma fitsarin jini ya zama ruwan dare a cikinsu. Cutar ba baƙuwa ba ce a ƙasar. Sojojin Napoleon na Faransa sun yi fama da ita lokacin da suka mamaye Masar a 1798. A 1910 wani masani, Marc Armand Ruffer, ya sami ƙwan tsutsar a cikin ƙodar gawarwakin mutanen zamanin Fir'aunoni, waɗanda suka mutu shekara kusan dubu uku da suka wuce.

Abin da ya gani a jijiyar wani saurayi

A farkon 1851, shekarar da wani Bajamushen, Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya shiga birnin Kano a zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo, Bilharz yana binciken gawar wani saurayi a Kasr al-Aini. Da ya buɗe babbar jijiyar da ke kai jini daga hanji zuwa hanta, sai ya ga waɗansu fararen tsutsotsi sirara.

Wannan kaɗai abin mamaki ne. Likitocin lokacin sun saba ganin tsutsa a hanji, ko a hanta, ko a ƙarƙashin fata kamar kurkunu. Tsutsar da ta mayar da jinin mutum gidanta kuwa, sabon abu ne gare su.

Ya rubuta wa malaminsa Siebold wasiƙa ya ba shi labari. Bayan 'yan watanni ya sake rubutawa, domin ya ga abin da ya fi na farko ban mamaki. Dangin wannan tsutsa da aka sani a lokacin duk mata-maza ne, kowace ɗaya tana ɗauke da jinsi biyu a jikinta. Wannan kuwa da namiji da mace. Namijin ya fi kauri, tsawonsa bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, kuma jikinsa ya naɗe ya yi wani kwari a tsawonsa. A cikin kwarin nan macen take kwance, siririya kamar zare, kanta da wutsiyarta suna leƙowa waje. A haka suke rayuwa shekara da shekaru, namiji na ɗauke da mace a cikin jijiyar mutum.

Bilharz ya sa mata suna Distomum haematobium. Siebold ya tattara wasiƙun ya buga su a mujallar kimiyyar dabbobi da yake shiryawa, daga nan labarin ya bazu a Turai.

Da ya tsaya a nan, da an ce ya gano wata halitta mai ban sha'awa ne kawai. Amma ya ci gaba da buɗe mafitsarar gawarwaki, inda ya riƙa samun ƙwan tsutsar birjik a cikin naman bangon mafitsara, kowanne da ɗan tsini a ƙarshensa kamar ƙaya. Ya ga yadda bangon ya kumbura, ya yi kauri, ya yi ƙurarraji. Ya kuma sami irin wannan ƙwai a fitsarin masu rai da ke zubar da jini. A 1856 ya buga bayanin da ya danganta tsutsar da lalacewar mafitsara da sauran hanyoyin fitsari. Abin lura a nan shi ne, tsutsar kanta ba ta cika yi wa mutum ɓarna ba. Ƙwanta ne masifar. Macen na zuba ɗaruruwa a kullum, wasu su huda bango su fita da fitsari, shi ne jinin da ake gani, sauran kuma su maƙale a cikin nama, jiki ya yi ta yaƙi da su.

Griesinger ya koma Jamus a 1852, Bilharz ya zauna. Ya shugabanci sashe a asibitin, a 1856 kuma aka naɗa shi farfesan ilimin sassan jiki. A tsakanin nan ya gano wasu tsutsotsin hanji guda biyu da ba a san su a jikin mutum ba. Ya kuma yi shekaru yana nazarin minjirya, kifin nan mai jan mutum kamar wutar lantarki, wanda masuntan Arewa suka sani sarai. A 1857 ya fitar da littafi a kan sashen jikin kifin da ke samar da wutar. 

Inda ya tsaya

Akwai abubuwa biyu da suka kuɓuce masa. Ya ga ƙwai iri biyu, mai tsini a ƙarshe da mai tsini a gefe, ya ɗauka duk na tsutsa ɗaya ne. Sai a 1907 aka ware mai tsini a gefe a matsayin wata tsutsa dabam, wadda ke addabar hanji da hanta.

Na biyun ya fi girma: bai gano yadda tsutsar ke shiga jikin mutum ba. Wannan ya jira har 1915, lokacin da Robert Leiper na Birtaniya ya tabbatar a Masar cewa katantanwar ruwa ce mai rainonta. Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shige jikin katantanwa su hayayyafa, bayan wasu makonni su fito dubbai suna iyo. Duk wanda ya shiga ruwan, sai su huda fatarsa su shige. Ba sai ya sha ba. Wanka, wanki, su, dashen shinkafa, ban ruwan albasa da tumatir, kowanne ya isa.

Shi ya sa cutar take bin madatsun ruwa da magudanan noman rani duk inda aka gina su, daga Masar har Kano. Madatsar Watari, da aka gina a ƙarshen shekarun 1970, ta ba mutanen Bagwai noman rani da kamun kifi, kuma ba mai son a koma zamanin da babu ita. Sai dai ruwa mai kwanciya da ciyayi a bakinsa shi ne gidan da katantanwar ta fi so.

Ajali a tafiyar farauta

A 1862 Ernst na Biyu, sarkin wata ƙaramar masarautar Jamus mai suna Coburg da Gotha, kuma yayan mijin Sarauniya Victoria ta Ingila, ya shirya tafiyar farauta da yawon buɗe ido zuwa yankin Massawa da ke bakin Bahar Maliya, a Eritiriya ta yau. Aka nemi Bilharz ya raka su a matsayin likita. A can matar sarkin, Alexandrine, ta kwanta da zazzaɓi mai tsanani. Bilharz ya yi jinyarta ta warke, shi kuma ya kamu. Ya iso Alƙahira a galabaice, ya rasu ranar 9 ga Mayu 1862, aka binne shi a can.

Shekara goma sha biyu ke nan da zuwansa Masar. Abin takaici ne a ce mutumin da ya buɗe gawarwakin talakawa da dama don ya gane ciwonsu, tafiyar nishaɗin masu sarauta ce ta yi sanadinsa.

Tun kafin rasuwarsa wasu masana suka fara kiran tsutsar Bilharzia don girmama shi. Wani kuma, David Weinland, ya sa mata Schistosoma a 1858, wato mai tsagaggen jiki, saboda kwarin nan na namijin. Sunan Weinland ne ya tabbata a littattafan kimiyya, amma a bakin jama'ar Masar da ƙasashe da dama, har yau sunan Bilharz cutar take amsawa. Akwai cibiyar bincike mai sunansa a Giza, akwai kuma wani rami a duniyar wata da aka raɗa wa sunansa.

Daga ƙwai zuwa kansa

Shekara kusan hamsin bayan rasuwarsa, a 1911, wani likita a makarantar nan ta Alƙahira, A. R. Ferguson, ya buga bayanin marasa lafiya 40 da suka haɗa tsargiya da kansar mafitsara. An daɗe ana jayayya a kai, har zuwa 1994 da hukumar binciken kansa ta ƙasa da ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa wannan tsutsa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam.

Kansar mafitsarar da tsargiya ke jawowa ta bambanta da wadda aka fi gani a Turai. A can, yawanci ta tsofaffi ce, kuma sigari ne babban dalilinta. Ta tsargiya kuwa takan kama mutum da sauran ƙarfinsa, yana ɗan shekara 40 ko 50, kuma sau da yawa ba a gano ta sai ta riga ta ci cikin naman mafitsara. Likitoci a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato sun sha ba da rahoton cewa wannan nau'in yana da kaso mai yawa a cikin masu kansar mafitsara da suke gani. A Masar kuwa, da aka rage tsargiya, sai nau'in ya ragu.

Tambayar da ta rage ita ce ta yaya. Ƙwai ba ya cizo, ba ya shiga cikin DNA. Me ke faruwa a shekara ashirin ko talatin da ke tsakanin fitsarin jinin yaro da kansar magidanci?

Wani ɓangare na amsar yana cikin abin da masana ke kira liƙa metil a jikin DNA.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma kusan kowace ɗaya tana ɗauke da cikakken DNA ɗinsa, wani dogon rubutu mai haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. A cikin rubutun akwai umarni kusan 20,000, waɗanda ake kira ƙwayoyin gado. Ba dukansu ne ke aiki a ko'ina ba. Ƙwayar ido da ta hanta rubutu ɗaya suke ɗauke da shi, amma kowace na karanta sashenta ne kawai. Ɗaya daga cikin hanyoyin da jiki ke rufe sashen da ba a buƙata shi ne ya liƙa wani ɗan ƙaramin sinadari, metil, a kan harafin C idan G na biye da shi. Idan metil ya taru a farkon wani umarni, wasu sinadarai sukan zo su naɗe wurin tam, abin da ke karanta rubutun ya kasa isa gare shi. Umarnin yana nan, ba harafin da ya goge, amma ya yi shiru.

Manomin rani a Watari zai gane wannan da sauri. Gona na iya bushewa don magudana ta fashe. Tana kuma iya bushewa alhali dam cike yake, magudana lafiya lau, sai dai an rufe ƙofar ruwan an sa mata kwaɗo. Fashewar magudana ita ce lalacewar haruffan DNA, wadda aka daɗe da sanin tana jawo kansa. Rufe ƙofa shi ne aikin metil.

Matsalar tana zuwa ne idan ƙofar da aka rufe ta masu gadi ce. A cikin umarnin nan akwai waɗanda aikinsu shi ne su hana ƙwaya rarrabuwa ba ƙa'ida, ko su gyara ɓarnar da ta sami DNA, ko su sa ƙwayar da ta lalace ta mutu. Idan metil ya rufe su, ƙwayar sai ta yi ta hayayyafa ba mai tsawata mata. Kuma duk lokacin da ta rabu biyu, akwai wani sinadari da ke kwafe alamomin metil ɗin ya ɗora wa sabuwar, don haka shirun yakan bi zuriyar ƙwayar gaba ɗaya.

An san akwai metil a DNA tun 1948. A 1975 masana suka kawo shawarar cewa shi ne ke kunnawa da kashe ƙwayoyin gado. A 1989 aka fara samun shaidar ya rufe mai gadi a wata kansar ido ta yara. Daga nan sai misalai suka yi ta fitowa, kuma da yawansu a hanyoyin fitsari da na haihuwa suke. A 1994 aka ga haka a kansar ƙoda, a wata ƙwayar gado mai suna VHL. A shekarar dai aka gano cewa GSTP1, wadda ke taimaka wa jiki kawar da guba, a rufe take a kusan kashi 90 cikin 100 na kansar furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. A wasu masu kansar mahaifa an sami MLH1, mai gyaran DNA, a rufe. A kansar bakin mahaifa, wadda ƙwayar cutar HPV ke haddasawa, yawan metil a wasu wurare yana ƙaruwa ne yayin da ciwon ke tsananta.

A mafitsarar mai tsargiya, ƙwan da ya maƙale yana sa wurin ya zauna cikin kumburi na shekaru. Sojojin jiki suna zubo sinadarai masu ƙuna don su kashe baƙon, ba su iya narkar da ɓawonsa, sai su ƙone naman da ke kewaye. Bangon ya ji ciwo ya warke, ya sake jin ciwo ya sake warkewa. Ƙwayoyin cutar da ke samun wurin zama a irin wannan mafitsara kuma suna samar da wasu sinadarai masu lalata DNA. A cikin wannan hali ne haruffa ke lalacewa, alamomin metil kuma suke sauka inda bai kamata ba. Wani bincike da aka buga a 2004 a kan marasa lafiya na Masar ya nuna cewa kansar mafitsarar masu tsargiya ta fi ta waɗanda ba su da ita yawan ƙwayoyin gadon da metil ya rufe. A 2013 wani binciken a Ghana ya duba fitsarin manya da tsargiya ta lalata wa mafitsara, ya sami wannan alama a kan masu gadi biyu, RASSF1A da TIMP3.

Wannan na Ghana shi ne ya fi jan hankali ga wuri irin Bagwai. Bangon mafitsara na zubar da ƙwayoyinsa a cikin fitsari kullum. Idan ana iya karanta alamar metil daga fitsari, to wata rana za a iya gane wanda ke cikin haɗari ba tare da an zura masa na'ura a mafitsara ba, aikin da sai a babban asibiti a birni ake yinsa. Kuma tunda rubutun bai goge ba, ƙofa ce aka rufe, ana iya tunanin buɗe ta. Akwai magungunan da ke cire metil, kamar azacitidine da Amurka ta amince da shi a 2004, amma a kan wasu cututtukan jini da ɓargo ake amfani da su. Ba su zama maganin kansar mafitsara ba.

Mata ma ba su tsira ba, ko da yake an fi danganta tsargiya da yara maza. Ƙwan yakan maƙale a bakin mahaifa da al'aura, ya jawo ciwo da zubar jini da matsalar haihuwa, kuma sau da yawa akan ɗauke shi a matsayin ciwon sanyi, a yi ta shan maganin da ba nasa ba.

Najeriya ce ake lissafawa a sahun gaba a duniya wajen yawan masu tsargiya. Maganinta, praziquantel, an samar da shi a Jamus a shekarun 1970, kuma shi ne ake raba wa 'yan makaranta kyauta a jihohi da dama, har da Kano. Yana kashe tsutsar, kuma idan aka sha da wuri, yawancin raunukan mafitsarar yaro sukan warke. Ba ya hana sake kamuwa idan an koma ruwan, shi ya sa ake maimaita shi. Babban mutum da ya yi tsargiya a yarinta, sannan jini ya dawo masa a fitsari bayan shekaru, ko fitsarin ya riƙa yi masa wuya, asibiti ya kamata ya nufa a duba mafitsarar, domin a wannan matakin kashe tsutsa kaɗai ba lallai ya wadatar ba.

Gwajin metil a fitsari bai iso ƙananan asibitocin karkara ba, har yanzu a ɗakunan bincike da manyan cibiyoyi yake. A ɗakin gwaji na ƙaramin asibiti, hanyar tabbatar da tsargiya ita ce a karɓi fitsarin tsakar rana, lokacin da ƙwan ya fi fita, a tace shi ko a bar shi ya kwanta, a ɗiga a kan gilashi, a duba a madubi a nemi ƙwai mai tsini a ƙarshe, irin wanda Bilharz ya zana wa Siebold daga Kasr al-Aini.